Kundin tsafi mai taurin kai: yadda za ka saka shi cikin wasa bai rusa maka labari ba

Tambayar da aka aiko ta shafi wasan da ake yi a kan tebur, inda jagora ke ba da labari, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya a cikinsa. Ga ta: "Ina jagorantar wasan Dungeons & Dragons, mu biyar ne har da ni. Ina so 'yan wasana su tsinci wani kundin tsafi wanda ba ya jin magana, duk wanda ya karanta shi bai san abin da zai fito ba. Na riga na rubuta jadawali mai sakamako 100, amma ina tsoron ko dai ya zama abin dariya kawai, ko kuma ya hallaka su gaba ɗaya. Yaya zan tsara shi?"

Ɗan'uwa, ajiye jadawalin nan tukuna, za mu dawo kansa. Abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne: me zai sa mai hankali ya buɗe wannan kundi karo na biyu? Karo na farko kowa zai buɗe, son sani ne zai ja shi. Amma idan ya buɗe ya ga jaruminsa ya koma tunkiya, ko gashinsa ya kama da wuta, kuma abin da ya samu bai fi abin da tsafinsa na yau da kullum yake ba shi ba, to kundin zai koma ƙasan jaka, ba za a sake jin labarinsa ba. Aikin da ka sha wahalar rubutawa ya tafi a banza. Kundi mai hargitsi yana rayuwa ne idan yana ba da abin da babu shi a wani wuri, sannan yana karɓar farashin da ɗan wasa ya hango da idonsa kafin ya miƙa hannu.

Dalilin da ya sa irin wannan kundi yake da daɗi a D&D musamman shi ne, tsafin wasan a asalinsa mai biyayya ne ƙwarai. Tun fitowarsa a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson sun ɗora shi a kan tsarin da aka aro daga labaran Jack Vance: matsafi ya haddace tsafi daga kundinsa, ya jefa shi, tsafin ya goge daga kansa sai ya sake komawa ga kundi. A bugu na biyar na 2014 an sassauta wannan, amma ruhin yana nan. Matsafi yana farawa da tsafi shida a kundinsa, ya san nisan kowanne, ya san faɗin wurin da zai ci, ya san yawan dayis (ƙwayoyi masu lamba irin na lido) ɗin da zai jefa. Lissafi ne tsantsa. Shi ya sa idan ka kawo kundin da ke karya wannan lissafi, 'yan wasa suke jin bambancin nan take.

Ba kai ka fara wannan tunani ba, kuma yana da kyau ka duba inda na gabanka suka yi tuntuɓe. A 1975, cikin ƙarin littafin Greyhawk, aka fito da Deck of Many Things, katunan da ake zara a makance: wani kati ya ba ka biyan buƙata, wani ya ɗaure ran jaruminka a wani wuri da ba a sani ba. Har yau masu jagorantar wasa suna ambatonsa a matsayin kayan da ke iya wargaza labarin da aka yi watanni ana ginawa cikin dare ɗaya. A 1991 littafin Tome of Magic ya kawo matsafi mai tsafin da ke kufcewa. A bugun 2014 aka mayar da abin ga mai sihirin gado: bayan ya jefa tsafi, jagora na iya cewa ya jefa dayis mai fuska 20, idan 1 ta fito sai a koma jadawali mai sakamako 50. A cikinsa akwai wanda fatarka ke komawa shuɗiya, akwai wanda kake zama shuka a cikin tukunya na ɗan lokaci, akwai kuma wanda dunƙulen wuta ke fashewa a daidai inda kake tsaye.

Tsaya a kan wannan na ƙarshe, domin shi ne amsar rabin tsoronka. Dunƙulen wutar nan dayis 8 ne masu fuska shida, matsakaicin ɓarnarsa 28. Mai sihiri a mataki na farko da ƙyar makin ransa, wato yawan ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, ya wuce 8. A dokar wasan, idan ɓarnar da ta rage bayan makinka ya ƙare ta kai cikakken makin ranka, ka mutu nan take, babu jinya. Ke nan jifa ɗaya marar sa'a na iya share ɗan wasa da duk abokansa da ke tsaye kusa da shi, ba tare da wani ya yanke shawarar da ta jawo hakan ba. A ganina wannan ba hargitsi ba ne, rashin tsari ne. Duk ɓarnar da za ka rubuta a jadawalinka, ka ɗaure ta da girman tsafin da aka jefa ko matakin mai jefawa. Ƙaramin tsafi ya kufce da ƙaramar masifa.

Ɗaya rabin tsoron naka, wato abin ya zama wasan yara, yana fitowa ne daga sakamakon da ba su da alaƙa da komai. Mutum yana ƙoƙarin buɗe ƙofar kurkuku, sai aka ce gashin tsuntsu ya tsiro masa a haɓa. An yi dariya, an wuce, ƙofa tana nan a kulle, babu abin da ya canza. Karo na farko da daɗi. Karo na huɗu sai ka ga mutane sun fara duba wayoyinsu. Maganin wannan shi ne ka fitar da masifar daga cikin tsafin kansa. Kowane tsafi yana da gaɓoɓi: wanda zai faɗa wa, faɗin wurin da zai ci, tsawon lokacinsa, sa'ar da zai tashi, da abin da aka yi shi da shi. Kufcewa ita ce ɗaya daga cikin gaɓoɓin nan ta gurɗe. Ɗauki tsafin buɗe ƙofar nan. Idan faɗinsa ne ya gurɗe, duk wani kwaɗo da sakata da ke cikin taku 100 sun buɗe, har da kejin abin da sarkin kurkuku ya ɓoye a ƙasa, har da maɗaurin sulken sadaukin da ke tare da su. Idan lokacinsa ne ya gurɗe, ƙofar ba za ta ƙara rufuwa ba har abada, su kuma suna bukatar su rufe ta a bayansu domin dakaru na tafe. Idan sa'ar tashinsa ce, ƙofar ta ƙi motsi yanzu, sai can tsakar dare ta buɗe da kanta lokacin da suka kwanta a gindinta. Ka lura, a duk ukun tsafin ya yi aiki. Bai faɗi ba. Ya dai yi aiki fiye da yadda aka so, ko ba a lokacin da aka so ba, kuma labari ya samu sabuwar hanya.

Wannan yana rage maka aiki sosai. Maimakon layi 100, kana bukatar ɗan jadawali mai layi shida wanda zai gaya maka wace gaɓa ce ta gurɗe, sauran kai da 'yan wasanka za ku ƙirƙira a kan tebur gwargwadon inda jaruman suke. Na shidan ka bar shi ga kundin, zan zo kansa.

Yanzu batun sau nawa zai kufce. Mutane suna raina lissafin nan, alhali shi ne ke yanke ko kundin zai ji kamar mai rai. Dama 1 cikin 20 kashi 5 ne cikin 100. Wanda ya jefa tsafi sau 10 yana da kusan kashi 40 cikin 100 na ganin kufcewa ko sau ɗaya. Ma'ana, ana iya yin zama biyu ko uku cur kundin yana nan lafiya lau kamar kowane kundi, har a manta da sunan da aka ba shi. Ga kayan da aka gina sunansa a kan rikici, wannan ya yi sanyi. Gyara mafi sauƙi shi ne ma'auni mai hawa: karatu na farko yana kufcewa a kan 1, na biyu a kan 1 ko 2, na uku har 3, haka har ya fashe, sannan ya koma 1. Da wannan, kafin a gama karatu na biyar damar ta haura kashi 56 cikin 100. Amfaninsa ba yawan kufcewa kaɗai ba ne. Kowa a tebur yana ganin lambar tana hawa. Ka ajiye wani dayis a tsakiya yana nuna ta, ka kira shi zafin kundi. Idan ya kai 5 kuma dodo ya tare hanya, za ka ji gardama ta kaure tsakaninsu a kan ko a buɗe ko kar a buɗe, kuma wannan gardama ita ce ribar da kake nema.

Amma tsarin da na fi so shi ne wanda ɗan wasa da kansa yake zaɓar yawan haɗarin. Warhammer Fantasy Roleplay, bugu na biyu na 2005, ya yi haka: matsafi yana zaɓar yawan dayis ɗin da zai jefa, idan biyu suka fito da lamba ɗaya sai la'ana ta sauka, idan uku ne ta fi muni. Ƙaramin wasan nan GLOG na Arnold Kemp ya ɗauki irin wannan da dayis masu fuska shida. Ga yadda za ka ɗora shi a kan kundinka. Mai karatu ya ɗauki dayis daga 1 zuwa 4. Yawansu da jimillarsu su ne ƙarfin tsafin: nisa, ɓarna, yawan waɗanda zai kama. Dayis ɗaya ba ya taɓa kufcewa, amma tsafin ɗan ƙarami ne. Biyu, damar su zo iri ɗaya 1 cikin 6 ce, kusan kashi 17. Uku, ta yi tsalle zuwa kashi 44, ga kuma 1 cikin 36 na dukkan ukun su zo iri ɗaya. Huɗu, kashi 72. Lambar da ta maimaitu ita ce za ta nuna layin da za a duba a ɗan jadawalin nan mai layi shida, babu bukatar wani jifa na biyu. Wanda ya tattara dayis huɗu a tafinsa ya san abin da yake yi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan abin ya fashe masa, dariya zai yi ya dafe kai, ba zai kalle ka da ido ɗaya ba, domin ba kai ka yi masa ba.

Kar ka haɗa tsarin biyu. Zaɓi ɗaya. Duk jifan da ka ƙara yana cin lokacin sauran mutum uku da ke jiran layi ya zo kansu.

Sai shafukan kansu. Wasu suna sa a jefa dayis don sanin wane tsafi ne zai fito gaba ɗaya, daga cikin ɗaruruwa. A takarda yana da ban sha'awa, a tebur kuwa yakan kashe dabara, domin ba a iya shirya komai da abin da ba a san shi ba. Maze Rats na Ben Milton yana haɗa sunan tsafi daga jadawalin kalmomi, a bar ɗan wasa da jagora su fassara abin da sunan yake nufi, kuma yana aiki a can saboda wasan gaba ɗaya sauƙaƙƙe ne. A D&D na fi ganin hikimar ka ba kundin shafuka kaɗan, kamar 12, ka rubuta kowanne a kan kati. Duk lokacin da jaruman suka yi dogon hutu, mai kundin ya gauraya katunan ya zaro uku: waɗannan ne shafukan da tawadarsu ta tsaya cik har ake iya karantawa a ranar, sauran rubutu yana yawo. Yanzu yana da kayan aiki uku da bai zaɓa ba, amma ya san su, kuma dole ya nemi yadda tsafin kiran ruwan sama zai yi masa amfani a cikin kogo. Nan ne 'yan wasa suke fito da dabarun da ba ka taɓa zato ba. Kuma ka tabbata waɗannan tsafe-tsafe 12 ba a samunsu a littafin dokoki: wanda ke musanya inuwar mutum biyu har kowa ya ɗauki wannan a matsayin wancan, wanda ke ɗauke nauyin abu ya ɗora wa wani abu, wanda ke mayar da ɗaki yadda yake jiya.

Akwai wani rami da kusan kowa ke faɗawa. A dokar 2014, matsafi yana iya kwafe tsafin da ya tsinta zuwa kundinsa, a kan awa 2 da tsabar zinariya 50 ga kowane mataki na tsafin. Ɗan wasa mai wayo, kuma a kowane tebur akwai shi, zai ce bari in kwafe masu kyau zuwa kundina mai lafiya in jefar da wannan. Idan ba ka shirya amsa ba, ya gama da kai cikin bin doka. Kar ka ce masa "an hana" kawai. Bar shi ya kwafa. Washegari ya buɗe kundinsa ya tarar shafin da ya kwafa ya bar inda yake, ya koma tsakiyar wani tsafi nasa na da, haruffan wancan ma sun fara motsi. Ciwon yana yaɗuwa. Yanzu yana da zaɓi na gaske: ya yage shafin ya yi asarar zinariyarsa, ko ya bari dukkan tsafinsa ya koma irin wancan, mai ƙarfi amma marar tabbas. Na ga wannan ya fi kowace doka ta hani aiki, domin yana gaya musu wani abu game da kundin.

Wannan ya kawo mu kan layi na shida, da kuma abin da ke faruwa idan dayis uku suka zo iri ɗaya. Kundin yana bukatar abin da yake so. Ba sai ya yi magana ba, ni ma na fi son wanda ba ya magana, domin kayan da ke surutu yakan ƙwace fage daga hannun jarumai. Amma ka san, kai jagora, dalilin rikicinsa. Wataƙila matsafa uku ne suka rubuta shi a zamani daban-daban, kowanne a kan rubutun na gabansa, har yanzu suna jayayya a cikin tawada, shi ya sa wani lokaci tsafin ke fitowa da sanyin ƙanƙara, wani lokaci da ƙwari, wani lokaci da muryar yaro. Wataƙila bai cika ba ne, an yage masa shafi na 13, duk kufcewarsa ƙoƙari ne na jan mai shi zuwa inda shafin yake. Da zarar ka san wannan, masifun sun daina zama tarkace, sun zama alamu. Ɗan wasa mai lura zai ce, ku tsaya, duk lokacin da abin nan ya ɓaci sai ƙofofi su juya su kalli arewa. Ka ba shi wannan daɗin. Hargitsin da ake iya gano bakin zarensa a hankali ya fi wanda babu komai a bayansa riƙe mutane.

Manyan masifu, na dayis uku, ka yi su matakai uku da aka sani tun farko, kuma ba sa gogewa da hutu. Wasan Dungeon Crawl Classics na kamfanin Goodman Games, wanda ya fito a 2012, ya ƙware a nan: tsafi yana barin tabo a jikin matsafi, a hankali kamanninsa suna lalacewa. Wasan Call of Cthulhu tun 1981 yake karɓar hankalin mai karanta haramtattun littattafai a matsayin kuɗin ilimi. Naka zai iya zama haka: a karo na farko rubutu ya bayyana a fatar hannun mai karatu, ba ya wankuwa. A na biyu ya manta wani abu nasa, sunan mahaifiyarsa ko hanyar garinsu, sai ga shi a rubuce a gefen shafi. A na uku sunansa ya bayyana a bangon kundin, kuma daga ranar yana da ƙayyadaddun kwanaki kafin ya zama shafi. Ko na ukun nan ba mutuwa ba ce nan take, ƙofar sabon labari ce: yanzu dukkansu suna da dalilin neman wanda ya ɗinka kundin.

Abu biyu da zan hana ka kai tsaye. Kar wata masifa ta cire ɗan wasa daga wasa fiye da zagaye ɗaya. Mutum ya baro harkokinsa ya zo zama, ba daidai ba ne ya yi awa guda yana kallo saboda jaruminsa ya zama dutse. Idan za ka canza masa siffa, ba shi siffar da za ta iya yin wani abu, ko da ɓera ne mai iya shiga ƙarƙashin ƙofa. Na biyu, ka kula da sauran mutanen tebur. Mai kundin ne ya zaɓi haɗari, su ba su zaɓa ba. Kufcewar da ke jefa kowa cikin sabuwar matsala tana da daɗi, amma wadda ke ƙona makin ran maƙwabci a kai a kai tana haifar da jin haushi na gaske tsakanin mutane na gaske. Ka faɗa musu tun kafin kundin ya bayyana cewa irin wannan kaya na tafe, ka ji ra'ayinsu. Idan akwai wanda ya shafe watanni yana gina jaruminsa kuma ba ya son tabo na dindindin, to tabon ya tsaya a kan wanda ya karanta.

Jadawalinka mai layi 100 kuwa, kar ka yar. Bi shi da alƙalami, ka tambayi kowane layi: idan wannan ya faru, akwai wanda zai canza abin da yake shirin yi? Wanda amsarsa a'a ce, ka mayar da shi ado, ka riƙa yafa shi a kan kowane karatu ba tare da jifa ba: ƙamshin ƙonannen gashi, kyandir da ya koma kore, tsuntsayen da suka yi tsit. Waɗanda suka tsira, da wuya su wuce 20, ka raba su ƙarƙashin layukan nan shida a matsayin misalan da za ka ɗauka idan kanka ya ɗaure a tsakiyar wasa. Duk wanda ya fito sau ɗaya ka soke shi, ka rubuta sabo kafin zama na gaba, kuma sabon ya taɓo abin da jaruman suka aikata kwanan nan: maƙiyin da suka bari da rai, alkawarin da suka saɓa, garin da suka gudu suka bari yana ci da wuta.

Game da lokacin da za ka ba su shi, jira sai sun kai mataki na 3 ko sama, lokacin da jikinsu zai iya ɗaukar duka ɗaya ko biyu. Kuma kar su tsince shi a akwati kamar sauran ganima. Su fara ganinsa a hannun wani, ya yi da shi abin da ya fi ƙarfin matakinsa nesa ba kusa ba, ya rushe gada ko ya tsayar da rundunar dawakai, sannan su ga rubutun da ya cinye masa hannu har kafaɗa. Idan suka karɓe shi daga gawarsa bayan sun ga wannan, ba sai ka yi musu wani gargaɗi ba.